Tsohuwar Rigar Tsaka

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Wata tsohuwa ce, Inna Lanti, take kiwon Tsaka. Ba kaza ba, ba akuya ba, Tsaka! Ta ba ta masauki a bayan randa, inda yashi ke da laima. Ita kuwa Tsaka ta hau bango ta kame mata sauro.

Ran nan lokacin saɓa ya zo, jikin Tsaka ya yi fari fat. Tsohuwar fata za ta fita, kuma ba ta fita sai da laima.

Kadangare ya daɗe yana ƙyashin bayan randar nan. Sai ya leƙo, ya ce, "Inna, sanyi ya kama 'yarki. Dubi yadda ta koɗe! Kai ta rana."

Tsaka ta ce, "Inna, saɓa nake yi!"

Inna ta ce, "Yi shiru, 'yar nan, zafin ciwo ne." Ta shanya ta a kan katanga. Fata ta bushe ƙamas.

Kadangare ya ce, "Sanyin ya shiga ƙashi. Kai ta bakin murhu."

Tsaka ta ce, "Wa ya tambaye ka, mai jan kai? Inna, ruwa nake so!"

Aka kai ta bakin murhu. Fata ta ɗaure mata yatsu kamar zobe. Tsaka ta kama bango, ta zame, tim!

Kadangare, yana miƙe a bayan randa abinsa, ya ce, "Saura a turbuɗa ta a toka."

Yara, aka turbuɗa ta?

Aka turbuɗa ta, Kaka!

Nan ɗan yatsanta guda ya yi baƙi, ya guntule. Ran Tsaka ya ɓaci. Ta fito buɗu-buɗu, ta ce, "Inna Lanti! Ni ce mai jikin, ko wancan munafukin? Sau biyu ina faɗa miki! In sauran yatsun suka tafi, da me zan hau bango? Ke za ki kama sauron?"

Inna ta ga yatsa a ƙasa, ta ɗora hannu a ka. Ta rarumi muciya, ta fatattaki Kadangare. Ta yayyafa wa yashi ruwa, ta kwantar da Tsaka. Kafin la'asar fata ta yi laushi, ta saɓule. Amma yatsa bai dawo ba.

Marar kunyar nan ya sake leƙowa ta katanga. "Ƙanwata, ko tsohuwar rigar ki ba ni, in ɗinka hula."

Tsaka ta dube shi. Ta dunƙule rigar, ta haɗiye, ta ce, "Ko zare ba ka samu!"

Shi ya sa har gobe Tsaka ke cinye saɓarta, kuma ba ta nisa da randa. Ku kuwa, in mai jiki ya faɗi abin da ke damunsa, ku saurare shi kafin maƙwabci.

Ƙurunƙus, kan Kadangare!