Ƙullin Masunta a Wayar Amfilifaya

Akwai wani mai gyaran rediyo a Haɗeja, Hamman, wanda aka zalunta a shekarar 1974, kuma har yau wasu ba su gyara bakinsu a kansa ba.

A shekarar ne Alhaji Zarami, tsohon masunci da ya yi arziki da bandar kifi, ya aurar da 'yarsa a Guri. Ya gayyato Ja'afaru mai jita daga Kano, da amfilifayarsa, wato injin ƙara sauti, mai mafitar sauti biyu, dama da hagu. Aka kira Hamman ya haɗa kayan.

Hamman bai yi gaggawa ba. Ya kashe wuta tukuna. Ya duba lambar da ke bayan injin, ya tabbatar ta yi daidai da ta bayan akwatunan lasifika. Ya ba kowace mafita akwatinta da waya mai kauri, sannan ya kunna, sauti ya fito tas. Ya roƙi kowa kada a taɓa wayoyin, ya tafi sallar la'asar.

Alhaji kuwa yana so mutanen ƙetaren kogi su ji bikinsa. A ganinsa wuta kamar ruwan fadama ce, in aka haɗa magudana biyu sai ta fi ƙarfi. Ya zare wayoyin dama da hagu, injin na kunne, ya ƙulle su waje guda a babban akwatin lasifika.

Hayaƙi ya tashi, jita ta yi shiru.

Da Hamman ya dawo, Alhaji ya nuna shi a gaban surukai ya ce, "Ga wanda ya ɓata mana taro."

Hamman ya dubi wayar, ya gane komai. Amma bai so ya kunyata uban amarya a gaban baƙi. Ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Alhaji." Ya kwashi kayan ya tafi.

Daga ranar aka laƙaba masa Hamman Ƙona-Inji. Mutanen Miga da Jahun suka daina kawo rediyo. Shagonsa ya yi wata uku ba mai leƙowa. Duk da haka ya zauna ya gyara amfilifayar da hannunsa.

Ranar da Ja'afaru ya zo karɓa, ya hangi ƙonanniyar wayar a kan teburi. Shi ma jikan masunta ne. Ya juya ta, ya ce, "Malam Hamman, yaushe ka koyi ƙullin raga? Mai gyara murɗa waya yake yi, ba ya ƙulla ta haka."



Ja'afaru ya ɗauki wayar har rumfar Alhaji ran kasuwa, ya ajiye ta a kan kwandon kifi, ya tambayi masuntan wurin ko ƙullin wane ne. Kowa ya kalli mutum ɗaya. Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce shi ne. Washegari ya je shagon Hamman da ƙafarsa ya nemi gafara, da rediyonsa a hammata. Ciniki ya dawo.

Sai dai sunan bai goge ba. Har yanzu akwai masu ce wa jikokin Hamman "'yan gidan Ƙona-Inji", suna dariya. Wannan ba wasa ba ne, ƙazafi ne, kuma wanda ya fara shi ya janye tun yana raye.

Darasi: Aikin da ba ka sani ba, bar wa mai shi, kuma in ka yi ɓarna kada ka ɗora wa wanda ya rufa maka asiri. Ku tura wannan har ya kai ga masu kiran sunan nan, su daina, su je su ba iyalin Hamman haƙuri.