Sunaye Ukun Da Tsohuwa Take Kiran Tiyamike

Akwai wani maƙwabcinmu a unguwar Ndirande, Limbikani, ma'aikacin ofis, mai son a ce ya sani. Shekara biyu ya yi yana haɗa tarihin gidansu. Ya bi uba da kaka har bakwai, ya buga a takarda, ya rataye a falo. Sunan mace ko ɗaya babu.

Duk sha biyar ga Oktoba, ranar iyaye mata a ƙasarmu, sai ya zo gidan ƙanwarsa Tiyamike, inda mahaifiyarsu take. Ya yafa wa tsohuwa sabon zane, ya ɗauki hoto, ya yi mana lacca cewa bikin daga Amurka ya samo asali, wata mata ce ta fara shi don tunawa da uwarta. Kafin tuwon masara ya huce ya kama hanya. Ni kam na haddace laccar nan.

Wanka da wanki da ba da abinci a baki kuwa, Tiyamike ce, shekara shida cur. Tsohuwa ta rikice, ta daina kiran ta da sunanta. In tana mata wanka sai ta ce Nangondo. In abinci ne, Nachisale. In tana kwantar da ita, Nasimango. Da farko Tiyamike tana gyara mata, daga baya ta gaji, kowanne aka kira sai ta amsa.

Abu ɗaya ne tsohuwa ba ta manta ba: a binne ta kusa da uwarta, a ƙauyensu can Dedza, wanda ta baro tun tana budurwa.

Kwana uku bayan bikin bana ta cika. Muka ɗauki gawa a motar haya, muka isa rana tsaka.

Mai gari ya karɓe mu a gindin mangwaro. Ya ce shekara hamsin ba wasa ba, babu wanda ya shaida ta, kuma makabartar ta zuriyar matan da suka kafa garin ce. A faɗi iyayenta mata, in ba haka ba a juya da gawa.

Limbikani ya gyara kwat, ya buɗe hoton takardarsa a waya, ya jero mazan nan bakwai. Wata tsohuwa da ke zaune a tabarma ta dube shi.

"Ɗana, waɗannan dangin ubanka ne, ka kai musu. Ita wace ce ta haife ta?"

Limbikani ya sake duba wayarsa. Da Kaka kawai ya san ta, bai taɓa tambayar sunanta ba. Direba yana ta duba agogo, akwatin gawa yana cikin rana. Wallahi kunya ta kama ni kamar ni na yi.

Tiyamike ko tashi ba ta yi ba, ƙafafunta sun kumbura. Ta ce ita ba ta san tarihi ba, amma ga sunayen da marigayiya take kiran ta da su. Ta faɗe su, da lokacin da take kiran kowanne.

Tsohuwar tabarma ta dafa ƙasa ta miƙe, tana hawaye.

"Nangondo ce ta haife ta. Nachisale kakarta ce, ni ma ta ba ni abinci a baki. Nasimango kuwa ita ta sare dajin nan aka kafa garin. Ku sauke 'yarmu."

Kafin la'asar aka binne ta gefen uwarta.

A hanyar dawowa Limbikani ya ciro biro, murya ƙasa-ƙasa, ya roƙi ƙanwarsa ta maimaita masa sunayen ya rubuta. Ta jingina kai da tagar mota.

"Yaya, shekara shida tana faɗin su kullum, ƙofa kuma a buɗe take. Bar ni in yi barci."

Darasi: Zanen rana ɗaya ba ya biyan uwa, kuma asalinka yana bakinta, ba a bangon falo ba. Je ka zauna da ita tun tana iya magana, ka kama wa wanda yake jinyarta. Ku tura wa 'yan'uwanku, musamman masu zuwa ɗaukar hoto.