Ƙyallen Tsakiyar Bargo

An yi wani mutum, wani bawan Allah maɗinki, a wani gari can zamanin da, tun ana ɗinki da allura da zare kawai. Sunansa Tanimu. Ba malami ba ne, ba kuma mai dukiya ba. Rigarsa ta fita kunya guda ɗaya ce, wata fara da ya gada wurin mahaifinsa, ba ya sa ta sai ranar Idi.

Ku saurara, don maganar ta shafi kowa a nan. Kun san halin maɗinka, in suna cikinmu su yi mini haƙuri: in an kai ɗinki, abin da ya ragu ya zama nasu, ba mai tambaya. Tanimu ba haka yake ba. In ya gama sai ya ɗaga ƙyallen, ko bai kai tafin hannu ba, ya ce, "Ga ragowarka. Za ka tafi da ita ko ka yafe mini?" Wanda aka yafe ya jefa a kwando. Wanda aka ce a ajiye ya sa a jaka ya rataye.

Matarsa Tabawa tana da wata al'ada. Duk azumi takan kwashi ƙyallayen kwandon ta shiga ɗaki da hantsi tana haɗa su, ta faro daga tsakiya ta yi waje, ta yi musu shafi da tsohon zane, har su zama bargo. Ranar sallah a kai shi tare da akushin tuwo ga wani tsoho a dangi. A wannan shekara na mahaifiyarta ne, Iya, wadda idonta ya tafi, sanyi kuma ya kama mata ƙafafu. Tun kafin a ga wata aka yi wa tsohuwar albishir.

Ran jajibere, gida ya ɗauki ƙamshi. An daka nakiya, an soya alkaki, an jiƙa shinkafar tuwon gobe. Bayan la'asar Tabawa ta fito da bargon ta shimfiɗa a tsakar gida, ta ce, "Malam, zo ka gani."

Ya zo ya duba, ya sa albarka. Sai idonsa ya sauka a tsakiya, kan wani saƙi shuɗi, kamu guda. Nan take ya gane shi.

Ku ji asalin wannan saƙi. Wani maƙwabcinsu Ilu ne ya kawo ɗinkin kayan sallar matarsa, ya ce, "Ragowar ka ajiye, za ka yi wa 'yata ɗankwali, su fita iri ɗaya da uwarta." Farkon azumi Allah Ya karɓi ran Ilu. Saƙin yana hannun Tanimu aka zo da labarin, ya sake shi cikin kwando ya ruga wurin jana'iza. Tabawa ta tsince shi a inda ta saba tsinta, ba ta yi laifin komai ba.

Ya ce, "Tabawa, wannan ba namu ba ne. Sai an cire."

Ta ce, "Malam, shi ne tsakiya. In aka cire shi, rami zan kai wa Iya? Wata guda ina kansa, ga shi kwandon ya ƙare. Ka je ka roƙi matar ta yafe mana."

Ya ce, "In na roƙa za ta yafe, don kunya. Kuma ba nata ba ne balle ta yafe. Na marainiya ne."

Ta ce, "Wa ya sani?"

Ya ce, "Ni na sani. Wanda ya ba ni amanar kuma ba ya nan balle ya tuna mini."

Tabawa ta koma madafa ranta a ɓace, kuma tana da gaskiyarta. Shi kuwa ya zauna yana warware ɗinkin zare-zare don kada saƙin ya yage. Ya kalmashe bakinsa, ya ninke, ya tafi gidan Ilu ya yi sallama daga zaure, don matar tana takaba. Ya yi mata gaisuwar ya haƙuri, ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ba da ɗankwalin aka kai mata. Can ta ce, "Ya gaya mini ya yi wa yarinyar tanadi, bai faɗa mini mene ne ba. Na ɗauka ya tafi da maganarsa." Sai kuka ya ci ƙarfinta.

Da ya dawo gida ya ɗauko farar rigar nan da almakashi. Tabawa ta riƙe masa hannu ta ce, "Da me za ka je Idi?"

Ya ce, "Da wadda nake zuwa Juma'a."

Ya yanke kamu guda. Ta tsaya tana kallon rigar, sannan ta karɓi allurar daga hannunsa ta ce, "Kawo. Ɗinkina ne."

Washegari ya je Idi da tsohuwar riga mai faci, ana zunɗensa wai maɗinki ne ba shi da ta sawa. A hanyar dawowa ya hango 'yar Ilu a ƙofar gida da shuɗin ɗankwali, tana nuna wa ƙawayenta tana cewa babanta ne ya sa aka ɗinka mata.

Da aka kai wa Iya tuwo da bargo, ta bi shi da hannu tana shafawa, har ta iso tsakiya. Ta ce, "Wannan ba ragowa ba ce. Riga aka yanka." Tabawa ta ba ta labari duka. Tsohuwa ta rufa da shi ta ce, "To, yanzu zan ji ɗuminsa."

Jama'a, amana ba ta da ƙarama. Ga sallah ta ƙarato, za mu ɗinka, za mu dafa, za mu aika wa juna. Kowannenmu yana da bargon da yake haɗawa tsawon ransa, kuma akwai ranar da za a shimfiɗa shi a duba. Kwanon maƙwabciya da ya kwana biyu a madafarki, ragowar yadin da ba ka tambaya ba, rabon marayan ɗan'uwanka da ka ce za ka ba shi in ya girma, duk suna ciki. Ka koma gida yau ka duba tsakiyar naka. In da ƙyallen wani, ka warware shi da hannunka tun almakashin yana wurinka. Allah Ya sa mu cika da amana.