Makiyayin da Ya San Kiran Kowace Ƙasa

Akwai wani makiyayi da ya gaji tumaki daga mahaifinsa, ya kuma gaji kiran da mahaifin yake kiransu da shi. Kiran ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, ɗan guntun sauti ne daga maƙogwaro. Amma da tumakin sun ji shi, sai su ɗaga kai su taho.

Wata rana a kasuwa ya ji wani baƙo yana kiran garkensa da murya mai daɗi, tana hawa tana sauka. Tun daga ranar zama ya gagare shi. Ya bi baƙon har ya koya. Yana gamawa aka ce masa ai can gabas da fito ake kira. Sai ya bar tumakinsa a hannun ɗan ƙodago, ya kama hanya. Daga gabas ya yi arewa wurin masu raƙuma, daga nan ya gangara wurin mutanen bakin kogi. In ya dawo gida, kafin ƙurar hanya ta bar jikinsa ƙafa ta fara masa ƙaiƙayi.

Suna kam ya yi shi. Akan zagaye shi a kasuwa yana rera kiran kowace ƙasa, yana faɗin asalinsa da wanda ya fara shi. Ko akuya ce ta yi kuka, sai ya gaya maka daga inda kakarta ta fito.

Mahaifiyarsa ta ce masa, "Ɗan nan, duniya duk ta ji muryarka, ban da tumakinka."

Ya ce, "Inna, kiran Baba ai na ƙauye ne. Bari in gama tattarawa, in zaɓa musu wanda ya fi."

Ta ce, "Su suka aike ka?"

Shi kuwa ɗan ƙodago da sanda yake kora su, ba ya kira. Aka haifi 'yan raguna, suka girma ba su taɓa jin an kira su ba.

Da damina ta faɗi, ɗan ƙodago ya koma gonarsa, dole makiyayin ya fita kiwo da kansa. Ya kai su cikin wani busasshen rafi inda sabuwar ciyawa ta tsiro. Can ya hango matafiyi a kan tudu, sai zuciyarsa ta ce, wa ya sani ko yana da kiran da ban taɓa ji ba? Ya bar tumakin ya hau.

Suna cikin magana ya ji ruri daga wajen duwatsu. Ashe an tafka ruwa a can. Ya waiga, ga ambaliya ja wur tana tahowa, tana jan itatuwa. Ƙafa ba za ta kai shi ba, sai dai murya.

Ya yi kiran baƙon kasuwa. Tumakin suka ci gaba da cin ciyawa. Ya yi fiton gabas, ya yi na masu raƙuma, ya yi na bakin kogi, yana gudu yana dawowa a kan tudun. Ko ɗaya ba ta ɗaga kai ba. Tsoro ya kama shi, ya nemi kiran mahaifinsa, sai ya ji ya cuɗanya da sauran a bakinsa. Sai da kuka ya shaƙe shi sannan sautin ya fito, guntu, ba daɗin ji.

Wata tsohuwar tunkiya mai tsagaggen kunne ta ɗaga kai. Ta hau tudun, tsofaffin suka bi ta. Ƙananan kuwa suka tsaya suna kallo, har ruwan ya iso.

Da yamma ya shiga gida da abin da ya ragu. Mahaifiyarsa ta dubi garken. Ya zauna a ƙofar shinge yana kuka.

Ma'anar wannan misali ita ce, kiraye-kirayen nan ilimi ne, tumakin kuwa su ne waɗanda Ubangiji ya danƙa a hannunka. Ilimi ba zunubi ba ne, 'yan'uwa, Allah ne ya ba mu hankali. Laifin makiyayin shi ne ya tara don a ji shi a kasuwa, bai kai wa garkensa ko ɗaya ba. A cikinmu akwai wanda zai jera maka sarakunan Isra'ila ba tuntuɓe, ya yi gardama a taro har kowa ya yi shiru, amma 'ya'yansa ba su taɓa jin ya yi addu'a da su ba. Wannan yana damuna ƙwarai. Mai ilimi na gaskiya shi ne wanda in ya yi magana, nasa sukan gane muryarsa su taho. Ranar wahala ba za ka sami lokacin koya musu ba. Yau in ka koma gida, ka kira su da sunansu, ka zauna da su, tun rafin yana bushe.