Hanyar da Ta Karkata Zuwa Taga

Akwai wani dattijo mai gyaran agogo da kowa a layinsu ke kira Baban Agogo. Wata bakwai ke nan da rasuwar matarsa, kuma ko ɗigon hawaye bai zubar ba. Yana ci, yana wanka, yana zama a teburinsa na bakin taga, ya maƙala gilashi a ido ɗaya yana tonon agogunan mutane. Amma ka tambaye shi me ya ci da safe, wallahi ba zai iya faɗa maka ba.

A bayan gidan akwai ɗan lambun marigayiyar. Ciyawa ta kai gwiwa. Rannan ya ce wa 'yarsa, "Nemo mai tsara lambu. A sassare komai, a malala siminti, kowa ya huta."

"Baba, lambun Mama ne fa."

"Mama ba ta nan."

Haka ya faɗe shi, kamar an tambaye shi ƙarfe nawa.

Na farko da ya zo ɗan gayu ne, takalmi sai ƙyalli. Ko taka ciyawar bai yi ba. Daga bakin ƙofa ya tsaya yana nuna musu hotunan gidajen manya a waya.

"Yallaɓai, wannan ai kwana uku ne. Ranar Asabar motar siminti za ta iso."

Baba ya ce to. Da cewa aka yi za a rushe gidan ma, to ɗin zai ce.

'Yar ce ta nace sai an ga mutum na biyu. Sai ga wata mata da takalmin roba da ɗan littafi. Jama'a, baiwar Allah nan ta kusa awa guda a cikin ciyawa! Ta tsuguna, ta damƙi ƙasa, ta duba inda rana ke faɗowa. Can ta ce, "Baba, wa ke zama a bakin tagar can?"

"Ni ne."

"Don Allah zo ka ga wani abu."

Ya taho yana jan ƙafa. Ta buɗa ciyawar da hannu, sai ga 'yar siririyar hanya da sawu ya daddaɓe.

"Daga ƙofar kicin zuwa famfo taku goma ne, a miƙe. Amma dubi hanyar nan. Ta karkata hagu, ta biyo ta gindin tagarka, sannan ta nufi famfo. Ƙasa ba ta yin wannan taurin sai an yi shekara da shekaru ana bi." Ta nuna wani rabin bulo da ya nutse a ƙasa daidai tagar. "Mama gajeriya ce?"

'Yar ta toshe baki. "Ko kafaɗar Baba ba ta kai ba."

Baba ya tsaya kusa da bulon ya leƙa ta tagar. Ga kujerarsa, ga teburinsa, ga gilashin ido ɗaya inda ya ajiye shi.

Sai ya tuna. Kullum da hantsi wata inuwa kan faɗo masa a kan tebur ta ɗan jima. Shi kuwa, ko kai bai taɓa ɗagowa ba, abin da yake cewa ɗaya ne: "Matsa mana, kin tare min haske." Shekara talatin da ɗaya yana zaton wucewa kawai take yi. Ashe kan bulon matarsa ke hawa ta tsaya tana kallonsa.

Mai tsara lambun ta ce, "Baba, gidanka ne. In siminti kake so, zan tsara maka mai kyau. Amma in aka malala shi, hanyar nan ta tafi ke nan. Ka ba ni mako biyu in zana maka wani abu ka gani tukuna."

Ya juya ga 'yarsa. "Kira mutumin can. Ki ce kada motar ta zo."

Ya zauna a kan bulon, kukan wata bakwai ya ƙwace masa, 'yarsa ta durƙusa ta riƙe shi.

Matar ta samu aikin. Ta gyara lambun tsaf, ta jera duwatsu a kan hanyar yadda take da karkatarta, bulon kuma ta bar shi a inda yake.

Har yau Baba yana gyaran agogo a bakin tagar. Da hantsi ya yi sai ya cire gilashin ya ɗago kai. Hasken na shigowa tar, babu mai tare shi.

Darasi: In za ka ɗauki mai aiki, ɗauki wanda zai duba ya tambaya kafin ya sare, kuma kada ka yanke shawarar da ba ta gyaruwa alhali zuciyarka a daskare take. Sannan wanda ke tare maka haske yau, ɗago kai ka dube shi tun yana nan. Ku tura wa wani, ko ya ɗago nasa kan.