Ɗakin Suracen da Tapio Ya Kulle

Akwai wani saurayi mara gindin zama mai suna Rauli, da ya dawo ƙauyensu a gabashin Finland bayan shekaru yana aikin jirgin ruwa. Ya tarar an rufe makarantarsu, shagon bakin hanya ya koma ma'ajiyar tayoyi, abokansa duk sun yi birni. Yayarsa Siiri ta rame. Ɗakin surace na bakin tafki kuwa, inda 'yan gidan ke zama cikin tururi su faɗi abin da bakinsu ke nauyin faɗa a ko'ina, an garƙame shi da kwaɗo.

"Gida babu surace?" ya ce yana dariya. "Ko kun zama baƙi ne ban sani ba?"

 Tapio, mijin Siiri, ya ajiye kofin gahawarsa ya fice.

Rauli ya ji kunya, ya bi shi wurin faskare. Sai da itace ya yi tuli sannan Tapio ya yi magana, idonsa a kan gatari.

"Mun daɗe muna neman haihuwa. Aka yi mata dashen ƙwai a asibiti, ya kama. Ni da ɗokina na hura mata surace ranar Asabar. Ba a jima ba cikin ya zube. Ni na jawo. Da ƙanƙara ta narke zan koma arewa, ta samu wanda ya fi ni hankali."

"Ka gaya mata?"

"A ina zan gaya mata?"

Rauli ya iske Siiri tana feraye dankali.

"Yaya, mijinki fa shirin gudu yake."

"Kai ka koya masa, uban 'yan yawo?"

Ya kwashe komai ya faɗa mata. Wuƙar ta tsaya cak.

"Surace? Ai an gwada abin da ya fita. Likita ta ce kromosom ne, wato zaren halittar da ɗa ke gada daga uwa da uba, guda ɗaya ya yi yawa tun farkon haɗuwa. Ko a kwance nake wuni, cikin nan ba mai zama ba ne."

"To me ya hana ki gaya masa?"

"Ya daina kallona. Na ɗauka ni yake zargi, wai ƙwaina ya tsufa."

Ta fita cikin sanyin nan ko rigar sanyi ba ta ɗauka ba.

Ta taga Rauli ya hango ta tana dukan ƙirjin Tapio tana kuka, shi kuma ya kifa fuska a kafaɗarta. Sun daɗe a haka, ba wanda ya waiwayo gidan. Rauli ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado, ya fara ninke kayan tafiya shi kaɗai.

Darasi: Ɓarin farkon ciki sau da yawa daga halittar ƙwan yake, ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba. Kada ka yanke wa kanka hukunci a ɓoye alhali amsar na bakin wanda kuke kwana ɗaki ɗaya. Ku tura wa wani, wataƙila yana ɗauke da laifin da bai yi ba.