Za Ta Kai Wata Uku?

Akwai wani bakanike da ya daina kwanciya a ƙarƙashin mota, ya koma duba wa masu saye mota kafin su biya. Dilolin mota suka sa masa suna Alƙali, don in ya ce mota ta yi, to ta yi, in ya taɓe baki kuma ciniki ya mutu.

Yana da kunne, babu mai musu. Zai sa a tayar da inji, ya karkata kai na minti ɗaya, ya faɗa maka abin da zai lalace nan da shekara biyu. Sai dai kunnen nan na inji ne kawai. In mutum na magana, shi amsa yake shiryawa.

Kawunsa ne ya riƙe shi tun bayan rasuwar mahaifinsa. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ya yi ritaya, suna zaune su biyu da matarsa, wadda Alƙali ke kira Inna. A gidan akwai wata tsohuwar zolaya. Suna sabon aure Kawu ya goyo ta a keke, wata mota marar rufi ta wuce su, ta ce tana so, ya ce wata rana. Tun daga nan duk sanda ya dawo aiki sai ta leƙa bayansa ta ce, "Malam, yau ma ba ka zo da motata ba?" Alƙali ya ji wannan ya fi sau dubu. Da ya girma ya manta.

Abin da bai sani ba shi ne, likita ya duba Inna ya ce ciwon da ke cikinta ya yi nisa, da wuya ta wuce wata uku. Ta sa Kawu ya yi mata alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba. Ba ta son a riƙa kallonta da idon tausayi.

Wata Asabar da hantsi Kawu ya kira shi a waya. "Ɗana, zo filin motocin nan na bayan gidan mai, ka duba mini wata."

Alƙali ya iso yana neman babbar motar iyali da ido. Sai ya hango Kawu tsaye da sandarsa a gefen wata 'yar ƙaramar mota ja wur, mai kujera biyu, ƙasa-ƙasa kamar an danne ta da hannu. Dila ya danna maɓalli, rufin ya ɗaga, ya naɗe kansa, ya shige but ɗin kaya na baya. Kawu na kallo yana murmushi kamar wanda ya ga jikansa ya fara tafiya.

"Kawu, wa za a saya wa?"

"Duba dai tukuna."

Ya duba, kuma ya duba da kyau, don ba ya wasa da aiki. Ya buɗe bonet ya saurari inji, babu tari ko ɗaya. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murza a yatsa. Ya zagaya da ita bayan fili. Sitiyarin na bin hannu kamar ya san tunaninka, birki na kamawa tun kafin ka gama takawa, kujerun fata ko tsaga babu. A ransa ya san motar lafiyarta ƙalau.

Amma da ya fito, diloli uku sun taru suna jiran hukunci, sai bakinsa ya ɗauki wata hanya.

"Ga ta nan dai. In ta hau tudun rage gudu, bututun hayaƙinta zai gaisa da kwalta. In rufi ya shiga but, ko jakar tafiya ba ta da wuri. Robar gefen rufin ta fara bushewa, damina biyu za ta soma yoyo. Kayan gyaranta kuwa sai an yi oda. Ranar da ka tashi sayarwa, sai ka yi ta cigiyar mai saye."

Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a hankali, "Na ji. Ni tambayata ɗaya ce. Za ta kai wata uku?"

Alƙali ya tuntsire da dariya. "Wata uku? Haba Kawu, mota ce ko batirin tocila?"

Diloli suka taya shi. Dariyar ta yi masa daɗi, ya ƙara. "Wannan motar 'yan gayu ce. Da wannan gwiwar taka, in ka zauna ciki sai an kira mutum biyu su ciro ka. Kuma a ce ni, ni da kaina na duba wa kawuna wannan? Da wane ido zan kalli mutane?"

"Ai ita Innar taka ce..."

"Inna ma dariya za ta yi maka. Ka bar mini wannan aiki. Ka ba ni wata biyu ko uku, zan samo maka mota ta mutunci."

Kawu ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Ya dubi motar, ya dubi mutanen da ke danne dariya. "To," ya ce, "Alƙali ya yanke hukunci."

Bai taɓa kiransa da wannan sunan ba. Alƙali ya ɗauka yabo ne.

Bayan sati bakwai aka kira shi asibiti. A bakin ƙofar ɗaki ya ji sunan ciwon karo na farko. Ya shiga ya tarar da Inna ta koma rabin yadda ya san ta. Kwana huɗu bayan nan ta rasu.

Sai da baƙi suka ɗauke ƙafa ya samu Kawu shi kaɗai a falo. Takalman Inna na nan a bakin ƙofa, tabaranta na karatu a kan rediyo.

"Kawu, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Ta hana ni. Duk da haka ranar nan na fara, ka katse ni."

"Wace rana?"

Kawu ya kai idonsa kan takalman, ya kwaikwayi muryarta ƙasa-ƙasa: "Malam, yau ma ba ka zo da motata ba?"

Keke, mota marar rufi, wata uku, duk suka dawo wa Alƙali lokaci guda.

"Kunya ce ta riƙe ni sati uku," in ji Kawu. "Da na ce ko a yi mini dariya sai na koma na saya, ita kuma ta daina iya zama a kujera." Ya ɗago kai. "Har yau ba ka amsa mini ba, ɗana. Za ta kai?"

Alƙali ya ce, "Za ta kai shekara biyu ba a taɓa mata komai ba."

Kawu ya gyaɗa kai. "To ka gani. Ita motar za ta kai."

Washegari da safe Alƙali ya je ya roƙi dila ya ba shi aron motar. Ya faka ta a ƙofar gida, ya naɗe rufin, ya shiga ya ce, "Kawu, fito mu zagaya ko sau ɗaya ne."

Kawu ya fito da sandarsa. Ya zagaya motar a hankali, ya tsaya ta gefen mai zaman banza, ya shafa fatar kujerar da tafin hannu.

"Komai da ka faɗa a kanta gaskiya ne," ya ce. "Ta yi ƙasa, kuma kujera biyu ce. Ɗayar tawa ce, ɗayar kuwa mai ita ba ta nan. Mayar musu, ɗana."

Alƙali ya mayar da ita shi kaɗai, rufi a buɗe, iska na kaɗa bel ɗin kujerar da babu kowa a kai.

Har yau yana duba wa mutane mota. Amma ba ya taɓa bonet sai ya fara tambaya: "Wa za ka ɗauka a cikinta?" Kuma yana jira a gama amsawa.

Darasi: Sanin aiki ba ya maye gurbin sauraro. Kana iya faɗin gaskiya goma ka bar tambaya ɗaya da aka yi maka, kuma ita ce mai muhimmanci. Kafin ka yi wa burin wani dariya, musamman babba a gaban jama'a, tambaye shi dalili, ka bar shi ya kai ƙarshen maganarsa. Ku tura wannan ga duk wanda ake zuwa wurinsa neman shawara.